Iyafis Ɗaya a Gonar Baba

Ruwan bana ya yi irin na waccan shekarar. Ya ƙi zuwa, ya ƙi zuwa, har mutane suka gaji da kallon gabas, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yanzu duk inda ka duba a Dutsin-Ma ciyawa ce, har a jikin katangar tasha. Ranar Talata ruwa ya tare ni wajen ƙofar jami'a, na tura mashin ƙarƙashin rumfar wani mai caji na fake. Wani ɗalibi na tsaye ana tura mashi waƙoƙi, mai shagon yana gwada mashi su a sifika ɗaya bayan ɗaya. Sai ga waƙar nan. Wannan bugun da take farawa da shi kamar ana dukan ƙofar langa-langa, sai jan numfashi, sai mutumin ya fara zuba magana kamar wanda aka biyo.

Ɗalibin ya ce, "Kai malam, wuce wannan, tsohon yayi ce."

Aka wuce ta.

Na tsaya ina jiran in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Shiru. Ƙuguna ne kawai ya amsa, ya ɗan yi tsami can ƙasa, inda yake yi in mutum ya wuni a duƙe.

Har yau ban san sunan wanda ya yi waƙar ba. A wayar yayana Lawal lambobi ne kawai a jikinta. Rap ce, rabi Hausa rabi Turanci. In ka tambaye ni waƙar da na fi so ita zan ce maka, duk da ba ni na zaɓe ta ba. Memorin wayar ne ya lalace, komai ya goge, ita kaɗai ta rage. Ita da hoton wata jar mota.

Lokacin ina sha biyar ko sha shida, muna Barkiya. Shekarar na bar makaranta. Ba korata aka yi ba. Na je ranar Litinin, ban je Talata ba, shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ni, don gidanmu lokacin ba wanda ke da sararin tambayar wani ina ya je. Baba ya faɗi a bakin rijiya tun cikin bazara, ɓarin jikinshi na dama ya shanye, baki ya karkace. Shanun huɗarmu suka tafi a magani. Aka dawo da shi daga asibiti aka kwantar, yana kallon rufin ɗaki. In yana son abu sai ya buga kwano da hannun hagu. Rumbu kuwa ya kai inda sai an zura Auta, ƙaramar ƙanwata, ta tattaro na ƙasa da tsintsiya.

Yaya Lawal ya ce a yi binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa, in ruwa ya zo ya tarar da shi ciki. Muka yi. Aka yi wani ɗan yayyafi da bai isa ya jiƙa riga ba, amma ya isa ya ruɗi iri. Ya tsiro, rana ta ƙone shi. Muka sake shuka da ragowar da Inna ta ɓoye cikin tulu ta liƙe bakin da laka. Daga shi babu wani. Wannan karon ruwa ya zo da gaske, ya kuma ƙi ɗaukewa. Gero ya fito, ciyawa ta fito tare da shi, ta kuma fi shi sauri. Harƙiya, kiri-kiri, ƙarangiya. Ana cikin haka aka ga watan azumi. Yaran yanzu sun saba da azumin rani, ba su san na tsakiyar damina ba, wanda ake yi da fartanya a hannu.

Wata Juma'a bayan la'asar Baffa Isiya ya shigo. Ƙanen Baba ne, gidanshi na bayan masallaci. Ba mugu ba ne, shi ma bakuna sun yi mashi yawa. Ya leƙa Baba, ya fito ya kifa turmi ya zauna. Inna na gyaran ganyen tafasa.

Ya ce, "Hajara, na biya ta gonar yaya. Ban ga gero ba, ciyawa na gani."

Inna ta ce, "Shina ciki."

"Shina ciki shina mutuwa. Yara biyu da fartanya ba su iya ma wannan gona. Ni ga abin da na gani. In Salla ta zo ciyawar nan ba ta faɗi ba, to bana babu abin da za a kai rumbu. Gara a yi abin da ya kamata tun da wuri. Yaya ya dawo wurina da jinya. Ke ki tafi Ɗantutture wajen danginki da 'yan matan. Lawal ya nufi Kudu nema. Wannan kuwa," ya nuna ni da baki, "ko ina aka aje shi ba zama zai yi ba."

"A rufe gidan ke nan."

"A jingine ƙofa dai, har Allah ya kawo sauƙi."

Sai muka ji kwano daga ɗaki. Auta ta ruga da ruwa. Ba ruwa yake so ba. Ya yi ta bugawa, ya yi ta bugawa, har Baffa ya sa takalmi ya fita.

Yaya ya ce, "Inna, ko mu kira gayya?"

Inna ba ta faɗin sunanshi, ɗan fari ne. Ba ta ma kalle shi ba. Ta ce, "Cikin azumi? Ka tara ɗiyan mutane su wuni a duƙe, in an sha ruwa ka ba su mi? Kuma wa ka gani ya gama tashi gonar?"

To, mu biyu ke nan.

Sahur ɗinmu kunu ne tsararo, wani lokacin da ɗan tuwon dusa da ya kwana. Muna idar da asuba mu ɗau hanya. Kafin mu isa raɓa ta jiƙa wando har gwiwa. Da safe abin da sauƙi, ƙasa na da laushi, ciyawa na ƙamshi in ka sare ta. Matsalar daga hantsi take farawa. Rana ta fito bayan ruwa, ƙasa ta dinga turiri kamar tukunyar dambu, zufa na shiga ido, yawu ya yi kauri har ka kasa tofarwa. Ga ruwa kwance ko'ina a gona, yana ƙyalli, ba dama.

Ni kuma tun ina ƙarami haka nake, ba na iya gama abu. In yi noma kaɗan in miƙe. In kalli hanya. In bi fara da ido. In ce ƙaya ta soke ni. Kafin in ankara Yaya ya yi nisa, nawa layin na nan baya kamar wutsiya. Shi ba mai duka ba ne, ba kuma mai yawan magana ba. Wata safiya sai ya ce, "Basiru, zo nan. Kawo kunnenka."

Ya sa wayar a aljihun gaban rigarshi ya ɗaure bakin aljihun da zare. Ya jona mata iyafis, abin sauraron nan mai igiya, ya sa ɗaya a kunnenshi, ya cusa mani ɗayan. Igiyar gajeruwa ce, in ka matsa taku ɗaya ta fizge.

Ya ce, "Ga layinka, ga nawa. In ta fita daga kunnenka, kai ka tsaya, ba ni na yi sauri ba."

Ya danna. Ƙofar langa-langa, jan numfashi, muka duƙa.

Haka muka dinga yi. Kafaɗata na gogar tashi. Mutumin na zuba magana ba tsayawa, mu ma fartanya ba tsayawa. Akwai inda kiɗan ke ɗan lafawa wata siririyar murya ta yi amshi, nan muke kaɗe ƙasa daga saiwar ciyawa mu jefa baya. In ta ƙare akwai ɗan shiru kafin ta sake farawa, wannan shirun shi ne hutunmu. Ya isa ka miƙe, ƙugu ya yi ƙara, ka share ido. Sai ƙofar langa-langa kuma.

Nawa ɓangaren iyafis ɗin ya samu matsala. Kiɗan ne ke fitowa sosai, muryar kuma can ƙasa, kamar mutum na magana cikin rijiya. Maganar tana wajen Yaya.

Na ce, "Yaya, wai me yake cewa ne?"

Ya ce, "Cewa yake ka yi noma."

Wata rana na sake tambaya. Ya ce, "Yau cewa ya yi Basiru rago ne, duk Kurfi an sani."

Mutane na cewa waƙa ta sa su kuka, ko ta tuna masu budurwa. Ni ba haka tawa take ba. Ba daɗi take mani ba. Cika mani kai take yi har yunwa ta rasa wurin zama. In tana bugawa ba na tuna Baba, ba na tuna Ɗantutture, ba na tuna ko ni wane ne. Hannu na tafiya, ƙafa na bi. In cajin ya ƙare kuwa, sai komai ya dawo lokaci ɗaya, ƙishi, kukan ciki, ƙudaje, tsawon gonar.

Da yamma ni ke ɗaure damin harƙiya in kai ma wani mai janareta a bakin kasuwa. Yana kiwon rago. Ciyawa tashi, caji namu. Ran nan Inna ta gan ni ina naɗe igiyar.

Ta ce, "Da azumi a bakinku kuke toshe kunne da kiɗan banza? Lada na shiga ta baki tana fita ta kunne."

Yaya ya ce, "Inna, karatu ne."

"Karatun da ke sa ƙeyar mutum rawa? Na ga wancan jiya, shina alwala kai na kaɗawa kamar na ƙadangare."

Jamila, mai bi mani, ta yi dariya har ta ƙware. Ina jin ita ce dariya ɗaya da aka yi a gidan a watan.

In an kira magariba kunun tsamiya ne ba sukari, sai kwaɗon tafasa, in an yi sa'a da ɗan ƙuli. Inna ta fara ba Baba, rabi na shiga rabi na zubowa ta gefen bakin, ta share ta sake. Kullum tambaya ɗaya take yi, "Ina kuka tsaya?" Yaya ya gaya mata. Ta gyaɗa kai.

Mun shiga goman ƙarshe, mun wuce rabin gona, mun kai wajen gawon da ke tsakiya. Ranar an kwana ana ruwa, rana ta fito da fushi. Wajen azahar sai na ji an fizge iyafis daga kunnena da ƙarfi. Na buɗe baki zan ce wallahi ba ni na tsaya ba, sai na ga Yaya kife, fuska cikin laka. Jikinshi kamar garwashi. Gawo ba ya ganye da damina, inuwarshi ba ta fi ta tsani ba, sai na ja shi har gindin wata ɗorawa a gonar maƙwabta. Na kamfato ruwan kwance na zuba mashi a kai. Ya buɗe ido. Na kai ruwan bakinshi, ya kau da kai.

"Ban karya ba," ya ce. "Ina wayar? Kar ruwa ya shige ta."

Wani mai amalanke ya taimaka muka kai shi gida. Zazzaɓi ne, mai kemis ya zo ya yi mashi allura, ya ce kada ya kuskura ya shiga rana. Aka shimfiɗa mashi tabarma kusa da Baba.

Washegari na tafi ni kaɗai. Na sa iyafis duka biyun, ranar na fara jin abin da mutumin ke faɗa. Wani ne a wani babban gari yana kurari, yana lissafa maƙiyanshi, yana maganar motoci da takalma. Ba ruwanshi da mu. Bai san akwai wani gari Barkiya ba. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na yi noma kaɗan, ba wanda ke jan kunnena, na miƙe. Na kalli hanya. Na zauna. Waƙar ta yi ta zagayawa ina zaune har inuwa ta juya.

Inna ta ce, "Ina ka tsaya?"

"Wajen gawo."

Kashegari ma ta tambaya. Na ce wajen gawo. Ta dube ni, ta dubi fartanyata.

Da na dawo daga sallar asuba na tarar da ita a zaure. Ta ci ɗamara da gyale a kan hijabi, fartanyar Yaya a kafaɗa. Ka gane, Inna tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka gona ba. Ni ban taɓa ganinta a waje da rana ba, in ba rasuwa aka yi ba. Ta ce ma Jamila ta kula da kwanon Baba. Ta ce mani, "Wuce mu je."

Dole sai mun bi ta gaban masallaci. Dattawa na zaune suna lazimi. Muna ɓullowa carbi ya tsaya a hannun kowa. Inna ba ta gaishe su ba, ba ta kuma ƙara sauri ba. Ni ne na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta iya noma, ta yi shi tana budurwa a garinsu, amma an daɗe. Ta duƙa ta fara. Ni ma na fara. Can na miƙe ina kallon wasu balbelu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya kuke yi da ɗan'uwanka da ba ka tsayawa?"

Na ciro igiyar na nuna mata. Ta kalle ta kamar na miƙo mata kunama.

"Astagfirullah," ta ce. Ta dubi gonar daga gawo har ƙarshe. "Kawo."

Na ba ta lalataccen ɓangaren, don kada ta ji maganar. Ta cusa shi ta ƙarƙashin hijabi. Wayar na aljihuna. Na danna.

Nan abin ya canza. Da Yaya, in na tsaya kunnena ne ke ciwo. Yanzu in na tsaya, kunnen Inna zan ja. In na yi sauri ma shi zan ja. Sai na dinga sauraron numfashinta ta ɗayan kunnen, ina daidaita hannuna da nata. Ban taɓa kusantarta haka ba tun da aka yaye ni. Tana warin hayaƙi da man kaɗanya. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ta shafa ƙasa ta ci gaba.

Da aka zo wajen shirun nan ta miƙe tana haki, ta ce, "Wannan bawan Allah wa ya biyo shi?"

"Haka ake yi, Inna."

"Uwarshi na da aiki." Bugun ya dawo, ta duƙa.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Baffa Isiya, yana sauri, riga na tashi. Labari ya kai mashi. Tun daga nesa yake magana.

"Hajara! Mi ne ne haka? So kike a ce mun kasa? Yaya na kwance, matarshi na gona, ni ina gari da raina?"

Inna ba ta ɗago ba. "Isiya, matsa, kana taka mani gero."

"Don girman Allah ki koma gida."

"In koma in fara ɗaure kaya?"

Sai idonshi ya kai kan igiyar, daga hijabinta zuwa aljihuna. "Wannan kuma fa?"

"Ganga ce. Ba mu da abin ba makaɗi."

Ya daɗe tsaye. Sannan ya cire babbar rigar ya rataya a gawo, ya naɗe ƙafar wando, ya zo ya kama ƙotar fartanyar hannunta. Ta riƙe, ya ja, ta sakar mashi. Ta ciro iyafis ta miƙa mashi.

Ya ce, "A'a, riƙe shaiɗaninki."

Ba ta koma gida ba. Ta dinga binmu a baya tana kwashe ciyawa. Washegari Baffa ya zo da manyan 'ya'yanshi, fuskarsu a ɗaure, don tasu gonar ma ba su gama ba. Ya ɗauka ta haka Inna za ta zauna. Ta riga su isa, ta aro wata fartanya. Su suka kama daga ƙarshe suna tahowa, ni da ita muka ci gaba daga gawo, igiya a tsakaninmu. Muka haɗu ana jajibirin Salla. Kusurwar gabas mun bar ma ciyawa, ta riga ta cinye geron wurin.

Ranar da muka gama ba wanda ya yi murna. Inna ta zare abin daga kunnenta, ta goge shi da gefen zane, ta ba ni. Muka taho. Ta shiga ɗaki ta ce ma Baba, "An nome." Bai buga kwano ba. Ya rufe ido.

Geron bai yi wani abin kirki ba, amma ya kai mu wata daminar da ƙyar. Ba a jingine ƙofa ba. Baba a ɗakinshi ya cika, bayan shekara biyu. Ba wanda ya raba mu. Mu muka raba kanmu daga baya, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya zauna kan turmi ya ce a yi ba. Yaya Lawal na Legas yana gadi. Jamila na aure a Kurfi. Ni na yi bulo, na yi gareji, na yi gwangwan a Kaduna ina sayen tsofaffin ƙarafa, na yi tallan rake a Abuja, yanzu ga ni kan mashin ɗin wani. Wayar ta daɗe da mutuwa. Waƙar kuwa ko yau na ce a tura mani za a tura, ban dai taɓa cewa ba. Na taɓa yi ma Yaya maganarta a waya, ya ce, "Wace waƙa?" Na fara kwatanta mashi, ya ce oga na kiranshi.

Inna na nan a gidan, ita da Auta. An yi an yi ta dawo Kurfi wajen Jamila, tunda hanyar daji ba kamar da ba, ta ƙi. Jiya ta sa Auta ta kira ni, ina bakin tasha ina jiran fasinja.

"Basiru, kana ina yanzu?"

"Dutsin-Ma, Inna."

"Har yanzu? To madalla, bana ka daɗe wuri ɗaya."

Ina jin kukan akuya a bayanta.

Ta ce, "Ciyawa ta taso."

"To."

"Ɗiyan Isiya duk sun watse. Ni kuma ƙugu ya ƙi."

"To, Inna."

"Ba kiranka na yi ba. Gaya maka dai na yi."

Na ce to. Wani ya taɓa kafaɗata ya ce kasuwa. Na tada mashin.